Fam 40 a Shekara: Lissafin Aure a Littafin Jane Austen

A littafin Jane Austen mai suna Pride and Prejudice, wanda ya fito a Landan a watan Janairun 1813, kafin a gaya maka halin mutum sai an gaya maka abin da yake samu a shekara. Bingley, wani saurayi mai kuɗi, bai ko tare a gidan Netherfield da ya kama haya ba, matan unguwa sun riga sun san fam 4,000 ne zuwa 5,000. Abokinsa Darcy kuwa minti biyar da shigarsa ɗakin rawa labari ya zaga cewa fam 10,000 ne. 'Yan matan ma kowace da farashinta a goshi: ƙanwar Darcy, Georgiana, tana da fam 30,000, 'yan'uwan Bingley mata kowace fam 20,000, wata Miss King da babu mai kallonta ta gaji fam 10,000, nan take ta yi farin jini. Elizabeth Bennet, tauraruwar littafin, fam 1,000 ne rabonta, shi ma sai bayan ran mahaifiyarta.

Mutane da yawa, musamman waɗanda suka fara sanin labarin ta fim, sun tafi a kan cewa soyayya ce ta kayar da kuɗi da asali. Ban yarda ba. Kuɗi ne ya shata fili a littafin nan, ya kafa shinge, sannan aka bar soyayya ta yi zaɓi a cikin shingen. Abin da marubuciyar ta damu da shi shi ne wane irin zaɓi mace mai hankali za ta iya yi a wuri mai ƙunci haka, ba tare da ta zubar da mutuncinta ba.

Sai an fahimci halin da gidan Bennet ke ciki kafin komai ya fito fili. Mista Bennet yana da gandu a Longbourn da ke kawo masa fam 2,000 a shekara. A Ingilar wancan lokaci, da leburan gona ba ya haɗa fam 40 a shekara, wannan wadata ce ta gaske: barori, keken doki, mai dafa abinci. Sai dai kakanninsa sun ɗaure gandun da sharaɗin cewa ɗa namiji kaɗai zai gaje shi, Allah kuma ya ba shi 'ya'ya biyar duk mata: Jane, Elizabeth, Mary, Kitty da Lydia. Ranar da ya rufe ido, gida da gona za su koma hannun wani ɗan'uwansa na nesa, Mista Collins, limamin coci. Abin da aka rubuta wa matarsa da 'ya'yanta a takardar aure fam 5,000 ne. In aka zuba shi a takardun bashin gwamnati masu ba da kashi 4 cikin 100, zai riƙa kawo fam 200 a shekara. Mata shida da suka saba da fam 2,000 za su koma fam 200, kuma babu gidan zama. In uwar ta rasu aka raba, kowace fam 40.

Ba dokar ƙasa ce ta hana 'ya'ya mata gado ba, tsari ne da wasu gidaje suka zaɓa don kada gandu ya tsattsage ko ya fita daga sunan gida. Lady Catherine de Bourgh, innar Darcy wadda ta ba Collins limanci, da kanta ta ce ba ta ga dalilinsa ba, ita 'yarta Anne ce za ta gaji gandunsu na Rosings. Mista Bennet ya yi ta dakon ɗa namiji da zai girma su haɗu su warware ɗaurin, saboda haka bai ajiye ko sisi ba. Da ya fahimci ɗan ba zai zo ba, lokaci ya riga ya ƙure, sai ya shige ɗakin karatunsa ya mayar da iyalinsa abin dariya.

Shi ya sa nake ganin an zalunci matar Bennet a wurin masu karatu. Gaskiya ne tana da surutu, ba ta da kunya a gaban baƙi, kullum jijiyoyinta na ciwo, kuma ita ce ta kusa kore wa Jane miji da bakinta. Amma a gidan nan ita kaɗai ce ta ɗauki matsalar da muhimmanci. Mijin da muke so saboda barkwancinsa shi ne ya yi shekara 23 yana cin fam 2,000 bai tanadi komai ba. Ita ta san abin da ke jiran 'yar babban gida da ba ta da miji ba ta da dukiya. Ba za ta yi kasuwanci ba, ba za ta shiga jami'a ko aikin lauya ko soja ba. Abin da ya rage mata shi ne ta zama malamar 'ya'yan masu kuɗi a gidajensu, tsakanin baranya da baƙuwa, ko ta zauna a raɓe wurin 'yan'uwa ana ciyar da ita ana gori.

Auren ma ba 'yanci ba ne. A dokar Ingila ta lokacin, mace in ta yi aure dukiyarta ta zama ta miji, sai abin da lauyoyi suka killace mata a takarda kafin ɗaurin aure. Ba a gyara wannan sosai ba sai da dokokin 1870 da 1882. Saki kuwa, kafin 1857, sai majalisar dokoki ta zauna ta yi doka ta musamman a kan auren, abin da sai manyan attajirai ke iya nema. Bahaushen da ya saba ganin sadaki na tafiya daga miji zuwa mata ya zama nata, 'ya mace na da rabonta a gado, dukiyar matar aure kuma tata ce, sai ya juya tunaninsa gaba ɗaya kafin ya gane littafin: a can amarya ce ke zuwa da jari, ango ya karɓa, kuma ƙofar da ta shiga ba ta da mafita. Zaɓi ɗaya take da shi a rayuwa, kuma ba ita ke nema ba, amsa kawai take bayarwa, i ko a'a.

Wadda ta kalli wannan lissafi ido da ido ita ce Charlotte Lucas, aminiyar Elizabeth. Shekararta 27, ba kyakkyawa ba ce, kuma ba ta da dukiya. Mahaifinta, Sir William, ɗan kasuwa ne a garin Meryton da aka ba shi lambar girma lokacin yana magajin gari, sai ya ga kasuwanci ya yi masa ƙanƙanta, ya bar sana'a ya koma zaman girma. Sarautar ta ƙara masa suna, ba ta ƙara wa 'ya'yansa komai ba. Da Collins ya nemi auren Elizabeth ta ƙi shi, Charlotte ta jawo shi da hira, ta hango shi ta taga yana zuwa ta fita ta tare shi a hanya kamar haɗuwa ce ta bazata. Cikin kwana uku mutumin ya nemi mata biyu, ta biyun ta amsa. Ta san wawa ne, ta san zama da shi akwai gundura. Ta gaya wa Elizabeth ita ba mai mafarkin soyayya ba ce, gida mai rufin asiri kawai take nema. Dubi yadda gidansu ya karɓi labarin: ƙannenta maza sun huta da fargabar za ta tsufa a wuyansu, ƙannenta mata sun ga layi ya matso, mahaifiyarta kuwa ta fara lissafin shekarun da suka rage wa Mista Bennet a duniya.

Elizabeth ta ji kamar ƙawarta ta sayar da kanta. Amma da ta kai mata ziyara a Hunsford, inda Collins ke limanci, ba ta tarar da mai kuka ba. Charlotte ta zaɓi ɗakin baya maras kyan kallo ya zama wurin zamanta, don mijin ya fi son ɗakin da ke kallon titi inda zai ga wucewar keken dokin 'yar Lady Catherine. Tana ƙarfafa masa gwiwa ya riƙa aikin lambu, wai don lafiyarsa. In ya yi maganar da za ta sa mutum jin kunya, sai ta yi kamar ba ta ji ba. Tana da kajinta, da gidanta, da hidimar 'yan cocinsu. Austen ba ta hukunta ta ba, ba ta kuma yaba mata ba. Da babu gara ba daɗi, iyakar abin ke nan, kuma an nuna mana shi da awo, har da abin da ya ci mata: zumuncinta da Elizabeth bai koma yadda yake ba.

Marubuciyar ta san wannan mararraba da ƙafarta. A Disambar 1802, tana dab da cika shekara 27, Harris Bigg-Wither, ƙanen ƙawayenta kuma magajin babban gidan Manydown, ya nemi aurenta. Ta amsa da dare, gari na wayewa ta janye. Ba ta yi aure ba har ta rasu a 1817. Da mahaifinta, wanda limamin coci ne, ya rasu a 1805, ita da mahaifiyarta da yayarta Cassandra suka dogara da abin da 'yan'uwanta maza ke haɗa musu, suna yawon gidajen haya da na dangi, sai a 1809 yayanta Edward ya ba su ƙaramin gida a Chawton. Littafin da muke magana a kansa fam 110 ta sayar da shi ga mawallafi Thomas Egerton, kuma babu sunanta a bango. Wadda ta rubuta Charlotte ta san abin da ake samu in an ce i, ta kuma ɗanɗani abin da ake rasawa in an ce a'a.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna ƙarfin halin Elizabeth. Sau biyu ta ce a'a, da fam 40 a gabanta. Ƙin Collins kaɗai ya isa a kira shi ganganci, domin da ta aure shi da mahaifiyarta da 'yan'uwanta sun ci gaba da zama a Longbourn. Shi kansa ya faɗa mata a fuska cewa da ɗan abin da take da shi ba lallai wani ya sake nemanta ba, kuma bai yi ƙarya ba. Na biyu ya fi girma. Darcy ya zo mata da soyayya a baki da raini a ciki, yana bayyana yadda ya yi ta yaƙi da zuciyarsa saboda danginta ba sa'anninsa ba ne, yana kuma da tabbacin za ta amsa. Ta ƙi shi saboda ya raba Jane da Bingley, saboda ƙaryar da wani hafsan soja mai suna Wickham ya shirga mata a kansa, da kuma saboda girman kan da ya zo da shi.

Abin da take karewa ba zafin so ba ne. Auren da aka gina a kan sha'awa zalla yana nan a gidansu tana kallo: mahaifinta ya auri mahaifiyarta don kyau da ƙuruciya, kafin a je ko'ina girmamawa ta ƙare, saura zolaya. Shi da kansa, da ya ji za ta auri Darcy daga baya, bai yi murnar fam 10,000 ba. Ya kira ta ɗakin karatu ya ce mata, 'yata, kada ki sa ni baƙin cikin ganin kina zaune da mijin da ba kya ganin girmansa. Mutumin da ya kasa a matsayin uba ya faɗi magana mafi nauyi a littafin, domin daga cikin gidansa ya samo ta.

Ba mata kaɗai kasuwar ta matse ba. Kanar Fitzwilliam, ɗan kawun Darcy, ɗan babban basarake ne, amma ba shi ne ɗan fari ba, don haka ba shi da gado. Yana jin daɗin hira da Elizabeth, sai ya gaya mata cikin ladabi cewa irinsu ba sa auren wadda suke so, sun saba da kashe kuɗi, dole su duba aljihun amarya. Ta mayar masa da wasa, ta tambaye shi nawa ake sayar da ƙaramin ɗan basarake, ko fam 50,000 zai isa. Babu wanda ya zarge shi da kwaɗayi. Da Wickham ya juya mata baya ya koma bin Miss King saboda fam 10,000, Elizabeth ta yi masa uzuri, ita da ta kasa yi wa Charlotte uzuri. Matar kawunta, Misis Gardiner, wadda ta gargaɗe ta kada ta so Wickham don ba shi da komai, ita ce kuma ta kira shi makwaɗaici da ya bi mai kuɗi. Sai Elizabeth ta tambaye ta: ina hangen nesa ya ƙare, ina kwaɗayi ya fara? Littafin bai ba da amsa ba, ina kuma ganin da gangan ne.

Wickham shi ne ya nuna ƙarshen wannan hanya. Ɗan mai kula da gandun mahaifin Darcy ne, ya tashi a cikin daula da ba tasa ba. Ya karɓi fam 1,000 na wasiyya, ya ƙara karɓar fam 3,000 a madadin limancin cocin da aka tanadar masa, ya cinye. Ya yi yunƙurin gudu da Georgiana tana shekara 15 don fam 30,000 ɗinta. A ƙarshe bashin caca ya koro shi daga Brighton, ya tafi da Lydia, 'yar shekara 16, kamar guzuri. Ita ta ɗauka Gretna Green za su je, ƙauyen da ke bakin iyakar Scotland inda masoya ke gudu a ɗaura musu aure, tun da dokar 1753 ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure a Ingila sai da yardar iyaye. Shi kuwa a Landan ya tsaya, ba shi da niyyar aurenta, yana nan yana fatan samun mai kuɗi a wani gari.

Abin kunyar ba na Lydia kaɗai ba ne, zai shafe 'yan'uwanta huɗu daga kasuwar aure. Collins ya rubuto wasiƙar jaje yana cewa da mutuwa ta yi da ya fi sauƙi. Me ya gyara lamarin? Ba wa'azi ba, ba nadama ba. Darcy ya nemo su ya zauna ciniki. Ya biya bashin Wickham da ya haura fam 1,000, ya ƙara wa Lydia wani fam 1,000, ya saya wa angon muƙamin hafsa a rundunar da ke Newcastle, domin a lokacin sayen irin wannan muƙami ake yi. Mista Bennet ya ɗauki nauyin fam 100 a shekara. Da kuɗi aka sayo mutuncin gidan Bennet, kuma sanin haka ne ya ƙarasa karkato da zuciyar Elizabeth ga Darcy. Aikin soyayya mafi girma a littafin biyan kuɗi ne a ɓoye. Talaka mai irin zuciyar Darcy da ba abin da zai iya yi sai jaje.

Maganar asali ta fi ta kuɗi sarƙaƙiya, domin a Ingilar Austen ba yawan dukiya kaɗai ake dubawa ba, har da inda ta fito. Wanda ke cin hayar gonaki bai taɓa aiki da hannunsa ba yana sama da ɗan kasuwa ko da ɗan kasuwar ya fi shi kuɗi. 'Yan'uwan Bingley mata suna yi wa Jane da Elizabeth dariya saboda kawunsu Gardiner yana zaune a titin Gracechurch kusa da Cheapside, yana hangen rumbunan kayansa daga gida, wani mijin innarsu kuma lauyan ƙauye ne. Sun manta kusan fam 100,000 da mahaifinsu ya bari daga kasuwanci ya fito a arewacin Ingila. Tazarar da ke tsakaninsu da Gardiner zuriya ɗaya ce tak. Burinsu ɗan'uwansu ya sayi gandu a wanke kuɗin daga warin kanti, kuma a ƙarshen littafin ya saya. Austen ta yi ramuwa a hankali: Gardiner ɗan kasuwa da matarsa su ne mafi natsuwa da dattaku a littafin, Lady Catherine 'yar basarake kuma ita ce mafi rashin ladabi, mai shiga gidan mutane tana leƙa musu kabad.

Amma kada a ɗauka Elizabeth ta yi wa tsarin tawaye. Da Lady Catherine ta taso takanas har Longbourn don ta hana auren, hujjarta ita ce ƙwarya ta bi ƙwarya. Elizabeth ba ta ce karin maganar ƙarya ba ne. Cewa ta yi shi ɗan masu gandu ne, ita ma 'yar mai gandu ce, ta nan sun yi daidai. Tsohuwar ta amsa cewa haka ne ta wajen uba, amma wace ce uwarki, su wane ne kawunnanki? Gardamar duka a kan wane mataki Elizabeth take ne, ba a kan ko ya kamata a yi matakan ba. Barorin da ke dafa abinci da wanke kaya kusan ba ma jin muryarsu, yaƙin Napoleon da ya kawo sojoji Meryton kuwa amfaninsa a labarin shi ne ya kawo samarin rawa.

Saura tambayar da aka daɗe ana yi: shin gidan ta so ko mai gidan? Da ta fara ganin Pemberley, gandun Darcy a Derbyshire, da dazuzzukansa da rafinsa, ta raya a ranta cewa zama uwargidan wannan wuri ba ƙaramin abu ba ne. Da Jane ta tambaye ta yaushe ta fara sonsa, ta ce tun ranar da ta ga kyan filayensa, kuma wasa take yi, don Jane ta roƙe ta ta yi magana ta gaskiya. Walter Scott, a sharhin da ya yi kan littattafan Austen a 1816, ya ɗauki zancen kusan da gaske, ya ce yarinyar ba ta gane ta yi wauta ba sai da ta ga gidan. Ina ganin ya yi gaggawa, amma bai kauce gaba ɗaya ba. Abin da ya juya ta a ranar shi ne shaidar Misis Reynolds, tsohuwar da ke shugabantar masu aikin gidan, wadda ta san Darcy tun yana shekara 4, ta ce bai taɓa yi mata magana mai zafi ba, kuma masu hayar gonakinsa da barorinsa duk za su faɗi alherinsa. Sai kuma yadda ya karɓi Gardiner da matarsa, mutanen da a da yake ƙyama, har ya gayyaci kawun kamun kifi. Halinsa ta gani. Sai dai a cikin dukiyarsa ta gan shi, a yadda yake riƙe da mutanen da cinsu da shansu ke hannunsa. Ba za ka iya zare Pemberley daga Darcy ka bar wani abu da za ta so ba.

A nan ne nake da ƙorafi a kan littafin, duk da ƙaunar da nake masa. Austen ta bar Elizabeth ta yi caca da rayuwar mata shida, sannan ta sa ta ci da mutumin da ya fi kowa kuɗi a labarin. Ba a tilasta mata ta zaɓa tsakanin so da rufin asiri ba, an haɗa mata duka. A littattafanta shida babu tauraruwa ko ɗaya da ta auri talauci na gaske. Har Anne Elliot ta littafin Persuasion, da aka raba ta da saurayinta don ba shi da komai, sai da ya dawo daga yaƙin ruwa da fam 25,000 kafin aka ɗaura. Matar Bennet da ta ji labari ba ta tsaya tambayar ko 'yarta na sonsa ba, ta fara lissafin gwala-gwalai da kekunan doki da gida a Landan, muka yi mata dariya, alhali mu ma mun ji daɗin adadin.

Lydia da Wickham suka ci gaba da ƙaura daga wannan haya zuwa wancan suna neman mai araha, suna barin bashi a baya, Elizabeth na aika musu da abin da ta rage daga kuɗin kashewarta. Mary ta zauna a gida wurin uwa. Ɗaurin da ke kan Longbourn kuwa babu abin da ya taɓa shi. A wasiƙar Collins ta ƙarshe kafin auren ya ambaci cewa Charlotte na da juna biyu, kuma duk ranar da Mista Bennet ya rasu, ita ce za ta karɓi makullan gidan da Elizabeth ta tashi a ciki.